Gangar taya da haɗin roba: Abin da mai sayen tayar keken hawan dutse ya kamata ya sani

Duk wanda ya shiga kasuwar kekuna a manyan biranenmu zai lura cewa keken hawan dutse, mai kaurin taya da tarin giya, ya mamaye wurin da baƙin keken gargajiya ya daɗe yana riƙe da shi. Wasu na sayensa domin motsa jiki, wasu domin rage kuɗin mai, wasu kuma domin 'ya'yansu. Sai dai akasarin masu saye sukan tsaya ne a kan fenti da yawan giya, su manta da abu ɗaya tilo da yake taɓa ƙasa, wato taya. Birki da giya da sifirin duk ta hanyar taya suke isar da aikinsu ga ƙasa. Idan ta zame a kwana ko ta fashe a gangare, tsadar keken ba za ta hana mahayi faɗuwa ba.

Abubuwa uku ne suke bambanta tayar keken dutse da 'yar'uwarta: zanen haƙoranta, gangar jikinta, da haɗin robarta. Zane kowa na ganinsa da ido. Sauran biyun kuwa a ɓoye suke, sai a gajerun haruffan da aka buga a gefen taya, alhali su ne suka fi tasiri a kan nauyi da ƙarko da kuma kamun ƙasa. Wannan maƙala ta taƙaita ne a kansu.

Taƙaitaccen tarihi

Roba ta zama abin amfani a sana'a ne bayan Charles Goodyear na Amurka ya sami takardar mallakar fasahar dafa ta da farar wuta a 1844. Kafin nan ɗanyar roba takan narke a zafi, ta sandare a sanyi. A 1888 John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a birnin Belfas, ya haɗa wa keken ɗansa taya mai iska, kuma a 1891 'yan'uwan nan na Michelin a Faransa suka fito da wadda ake iya cirewa a yi mata faci.

Shi kuwa keken dutse ya samo asali ne a shekarun 1970 a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya, inda matasa irin su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga duwatsu. Kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a 1981, wanda yana cikin na farko da aka ƙera da yawa domin kasuwa. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasarta ta duniya ta farko ta wannan fanni a Durango ta jihar Kolorado a 1990, sannan wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Tun daga lokacin wasan ya rarrabu: akwai tseren dogon zango mai hawa da sauka, akwai yawon hanyoyin daji, akwai enduro, akwai kuma tseren gangare zalla. Rabuwar nan ce ta haifar da yawan nau'o'in tayar da ke rikita mai saye a yau.

Mece ce gangar taya?

Idan aka kankare robar da ke saman taya, abin da zai rage shi ne ƙyalle. Wannan ƙyalle, wanda akasari na zaren nailan ne da aka shafe da roba, shi ne gangar taya. Shi yake riƙe iska, ya ba taya siffarta, ya kuma ɗauki nauyin keke da mahayi. Ana yanka shi ne a karkace, zaren na ketawa a kusurwar da ta kai kimanin digiri 45, a naɗe shi a kan leɓen taya ta kowane gefe, sannan bakunansa biyu su haɗu su hau juna a ƙarƙashin haƙora. Shi ya sa ko tayar da ake kira mai ƙyalle ɗaya takan kasance da ninki biyu a gefe da ninki uku a tsakiya.

Leɓen taya, wato zoben da ke kama ƙarfen wili, iri biyu ne. Akwai na wayar ƙarfe, wanda ya fi araha da nauyi kuma ba ya naɗuwa. Akwai na zaren aramid, wanda aka fi sani da sunan Kevlar, abin da masaniyar kimiyya Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965. Tayar da ke da irin wannan leɓe ta fi sauƙi, kuma ana iya ninke ta a sa a jaka.

Ma'anar TPI

A kwalin taya ko gefenta za a ga an rubuta 60 TPI ko 120 TPI. Wannan adadin zaren da ke cikin inci ɗaya ne na ƙyallen. Idan zare 60 ne a inci, to kowane zare na da kauri kuma ƙyallen na shan roba da yawa, don haka ya fi jure gurzar dutse, amma ya fi nauyi da tauri. Idan 120 ne, zaren siriri ne, ƙyallen ya fi laushi da sauƙi, yana lanƙwasa ya bi siffar ƙasa, yana kuma gudu da ƙaramin ƙarfi, sai dai dutse mai kaifi ya fi saurin yanka shi. Misalinsa kamar bambancin shadda mai laushi ne da kakin ma'aikata: kowanne da wurin da ya dace da shi.

Saboda haka babban adadi ba ya nufin inganci kai tsaye. Haka kuma akwai kamfanonin da suke tara adadin duk ninkin su rubuta jimilla. Wanda ya ga 3/180, to ninki uku ne na ƙyalle mai zare 60, ba ƙyalle mai zare 180 ba.

Matakan ƙarfin ganga

Kusan kowane babban kamfani ya kasa tayoyinsa zuwa matakai huɗu ko biyar, daga mafi sauƙi zuwa mafi ƙarfi, ko da yake sunayen sun bambanta.

Matakin farko shi ne na tseren dogon zango. Ƙyalle ɗaya ne mai laushi, kariyarsa kaɗan ce, kuma taya ɗaya mai inci 29 takan yi nauyin kimanin giram 600 zuwa 800. An yi ta ne domin mai neman gudu a hanyar da ba ta da duwatsu masu kaifi.

Na biyu shi ne na yawon daji. Nan ma ƙyalle ɗaya ne, amma an ƙara wani yadi mai jure yanka a gefuna, wani lokaci har daga leɓe zuwa leɓe. Nauyinta kan kai giram 850 zuwa 1,100 gwargwadon faɗi da zane. Wannan mataki ne ya fi dacewa da mafi yawan mahaya.

Na uku shi ne na enduro, mai ƙyalle biyu ko makamancin haka, tare da wata roba mai kauri da aka cusa kusa da leɓe domin kare taya idan ta matsu tsakanin dutse da wili. Nauyinta kan wuce kilo ɗaya da kaɗan.

Na huɗu shi ne na tseren gangare: ƙyalle biyu masu kaurin zare, da nauyin da kan kai giram 1,300 zuwa 1,500. Masu amfani da ita ba su cika tuƙa keke zuwa saman dutse ba, mota ko na'urar ɗaukar mutane ce ke kai su, don haka nauyin bai dame su ba.

A wurin Maxxis, tambarin kamfanin Cheng Shin na Taiwan da aka kafa a 1967, sunayen su ne EXO, da EXO+, da DoubleDown, da DH. DoubleDown ƙyalle biyu ne masu zare 120, DH kuwa ƙyalle biyu masu zare 60. Schwalbe na Jamus ya yi amfani da Super Race, da Super Ground, da Super Trail, da Super Gravity, da Super Downhill. Continental, shi ma na Jamus, ya sauƙaƙa abin zuwa Trail da Enduro da Downhill. Specialized na da GRID Trail da GRID Gravity. A 2024 Schwalbe ya fito da gangar da zarenta ke ketawa kusan kai tsaye daga leɓe zuwa leɓe maimakon a karkace, wadda ke sa taya ta ƙara shimfiɗuwa a ƙasa ko da iskarta na da yawa.

Ganga mai ƙarfi ba kariya daga fashewa kaɗai take bayarwa ba. Tana hana taya lanƙwashewa a kwana, tana shanye bugun duwatsu maimakon ta yi ta tsalle kamar ƙwallo, tana kuma ba mahayi damar rage iska ba tare da fargaba ba. Farashin wannan shi ne nauyi, kuma nauyin da ke bakin wili ya fi jin jiki, domin duk lokacin da mutum ya tashi ko ya ƙara gudu sai ya juya shi. Wanda ya sa tayar gangare a keken zuwa ofis zai isa a gajiye ba tare da ya amfana da komai ba.

Haɗin roba

Robar taya ba abu ɗaya ba ce. Ana haɗa robar itace, irin wadda ake tatsa a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, da robar da ake samarwa daga man fetur, a zuba baƙin garin kabon ko silika domin ƙarfi, da mai domin laushi, da farar wuta domin dafawa, da sinadaran da ke rage lalacewa a rana. Gwargwadon kowanne shi ne sirrin kamfani, kuma shi yake sa wata taya ta kama ƙasa kamar danƙo, wata kuma ta yi shekaru ba ta cinye ba.

Ana auna taurin roba da ma'aunin Shore A, wanda ya tashi daga 0 zuwa 100. Robar tayar keken dutse takan faɗo tsakanin 40 da 70. Mai 40 zuwa 45 tana da laushi ƙwarai, har farce na shiga cikinta. Mai 50 matsakaiciya ce. Mai 60 zuwa 70 tana da tauri, kusa da ta tayar mota.

Amma tauri rabin labari ne. Ɗaya rabin shi ne saurin da roba ke komawa siffarta bayan an danne ta. Idan aka murɗa haƙorin taya mai kamu sosai aka saki, a hankali yake komawa. Irin wannan roba tana shanye ƙarfin bugu ta mayar da shi zafi, don haka takan manne wa dutse ko saiwar itace maimakon ta yi tsalle. Wannan halin da ke ba ta kamu shi ne kuma yake cinye ƙarfin mahayi a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Babu robar da ta haɗa cikakken kamu da cikakken gudu da cikakken ƙarko. Wanda ya samu ɗaya da yawa sai ya rasa wani abu daga sauran.

Domin rage wannan asara, kamfanoni suna haɗa roba fiye da ɗaya a taya guda. Mai haɗi biyu tana da roba mai tauri a tsakiya, inda ake gudu a miƙe, da mai laushi a haƙoran gefe, waɗanda ke kama ƙasa a kwana. Mai haɗi uku tana da ƙarin roba mai tauri a ƙarƙashi, wadda ke tallafa wa haƙora kada su kwanta. Illarta ita ce idan laushin saman ya cinye, kamun taya yakan ragu sosai alhali haƙoran suna nan a ido.

Sunayen haɗin su ma sun bambanta. Maxxis na da MaxxSpeed na masu tsere, da MaxxTerra na tsaka-tsaki, da MaxxGrip mafi kamu, ban da Dual mai ƙarko. Schwalbe ya sa wa nasa suna Addix, yana kuma bambanta su da siririn layi mai launi a kan haƙora: ja na Speed, shuɗi na Speedgrip, ruwan lemo na Soft, shunayya na Ultra Soft. Continental na da Endurance da Soft da SuperSoft. Specialized na amfani da T5 da T7 da T9, inda babbar lamba ke nufin ƙarin kamu.

Gaba daban, baya daban

Tayoyin keke biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta gaba ce ke juya keke, ita ke ɗaukar mafi yawan aikin birki, kuma idan ta zame da wuya mahayi ya tsira daga faɗuwa. Ta baya kuwa ita ke ɗaukar mafi yawan nauyi, ita ke tura keke, ita ta fi shan bugun dutse, ta kuma fi saurin cinyewa. Idan ta zame, sau da yawa ana iya gyara tafiya.

Daga nan ne ƙa'idar da ƙwararrun mahaya suka fi bi ta fito: roba mai laushi a gaba, roba mai tauri da ganga mai ƙarfi a baya. Misali, mai hawan duwatsu zai iya sa MaxxGrip mai gangar EXO+ a gaba, da MaxxTerra mai gangar DoubleDown a baya. Mai matsakaicin yawo kuwa MaxxTerra a gaba da Dual a baya sun ishe shi. Wanda kuɗinsa bai kai na taya biyu masu kyau ba, ya sa mai kyan a gaba.

Nauyin mahayi ma abin dubawa ne. Mai kilo 60 zai iya shekara a kan ganga mai sauƙi ba tare da matsala ba, a hanyar da mai kilo 95 zai yi ta fasa ta. Haka keken dutse mai batir, wanda ya fi na gargajiya nauyi sosai, ya fi son ganga mai ƙarfi.

Tiyub, tubles da iska

Tayar da ke da tiyub tana fashewa ta hanya biyu: ko ƙaya ta huda ta, ko kuma wili ya matse tiyub a kan dutse ya bar huji biyu a jere, abin da mahaya ke kira saran maciji. Domin kauce wa na biyun sai an cika iska, cikar iska kuma tana rage kamu. Kamfanin Mavic na Faransa, tare da Michelin da Hutchinson, ya fito da tsarin tubles na keken dutse mai suna UST a 1999. A yau abin da ya fi yawa shi ne tayar da aka rubuta wa TR ko TLR ko TLE, wadda ake zuba mata wani ruwan roba da ke toshe ƙananan huji da kansa yayin tafiya.

Da tubles, mahayi mai matsakaicin nauyi a kan taya mai faɗin inci 2.3 zuwa 2.5 yakan yi amfani da iska tsakanin psi 20 da 28, ta baya ta ɗara ta gaba da kaɗan. Mai ganga mai sauƙi ya ƙara, mai ganga mai ƙarfi ya rage. Mai tiyub kuwa ya kamata ya ɗara haka. A kowane hali kada a wuce iyakar da aka rubuta a gefen taya, kuma a yi hattara da injin mai facin mota, wanda ke iya wuce wannan iyaka cikin daƙiƙa kaɗan.

Ruwan toshe huji yakan bushe cikin 'yan watanni, kuma zafi da busasshiyar iska suna gaggauta hakan. Wanda ke zaune inda bazara da hunturu suke da tsanani ya riƙa duba shi a kai a kai, domin tubles da ruwanta ya bushe ba ta da kariya daga ƙaya.

Abin da ya dace da ƙasarmu

An tsara roba mafi laushi ne domin jiƙaƙƙun duwatsu da saiwoyi masu santsi irin na dazuzzukan Turai da Arewacin Amurka. A busasshiyar jar ƙasa mai tauri da tsakuwa, balle a kwalta mai zafi, irin wannan roba tana cinyewa da sauri, haƙoran gefe su fara yagewa daga gindi, kuma ƙarin kamun da ake biya domin sa ba ya fitowa sosai. Ga mai hawa a cikin gari da hanyoyin ƙauye, roba mai tauri ko matsakaiciya da gajerun haƙora masu kusanci da juna ita ce ta dace.

Babban abokin gabar taya a nan shi ne ƙaya, musamman tsidau, da kuma ƙusa da fasassun kwalabe a gefen titi. Ganga mai ƙyalle biyu ba ita ce maganin wannan ba, domin an yi ta ne saboda yanka da matsewa. Siririyar ƙaya na iya ratsa ta. Maganin shi ne ruwan toshe huji, ko a tubles ko a cikin tiyub, ko kuma taya mai yadin kariya a ƙarƙashin haƙora. Wanda kuwa yake hawa a wuraren duwatsu irin na Jos ko tsaunukan da ke kewaye da Abuja, shi ne ke da hujjar sayen ganga mai ƙarfafan gefuna, aƙalla a baya.

Kafin a biya kuɗi

Na farko, a duba girma. Lambar da ta fi aminci ita ce mai kama da 60-622, inda ta farko ke nuna faɗin taya a milimita, ta biyu kuma faɗin da'irar wili. Wili mai inci 26 na keken dutse shi ne 559, mai 27.5 shi ne 584, mai 29 shi ne 622. Baƙin keken gargajiya mai inci 28 kuwa 635 ne, wato ya fi mai 29 girma duk da sunan, don haka tayarsu ba ta shiga juna. A tabbatar kuma faɗin tayar zai wuce tsakanin ƙarafan keke ba tare da guga ba.

Na biyu, a karanta gefen taya gaba ɗaya. Zane ɗaya, kamar Minion DHF na Maxxis ko Magic Mary na Schwalbe, yana zuwa da ganga da roba iri-iri, kuma farashinsu ya sha bamban. Tayar da aka sayo keke da ita ma takan zama mai arahar roba da leɓen waya ko da sunanta ɗaya da ta kanti.

Na uku, mai sayen gwanjo ya lanƙwasa gefen tayar ya duba ko akwai ƙananan tsage-tsage, ko zare ya fito, ko leɓe ya kumbura. Ya danna haƙori da farce: idan ya yi tauri kamar busasshiyar fata, robar ta mutu ko da zanen sabo ne. Ba kowace tayar keke ke ɗauke da ranar ƙira a fili kamar ta mota ba, don haka ido da hannu ne shaida. Tayar da ke ɗauke da sunan babban kamfani amma kuɗinta ya yi ƙasa fiye da hankali abar tuhuma ce, domin jabu na yawo, kuma araha ba ta ado.

Na huɗu, a lura da kibiyar da ke nuna inda taya za ta juya kafin a ɗaura ta. Bayan an ɗaura, a ajiye keke a inuwa, nesa da janareta da fetur da baƙin mai, domin rana da mai da iskar ozon da injinan lantarki ke fitarwa duk suna tsufar da roba.

Hanya mafi sauƙi ta gane abin da mutum ke buƙata ita ce ya dubi yadda tsohuwar tayarsa ta mutu. Idan gefenta ne ya yage ko wili ya lotsa, ganga ce ta yi masa sauƙi ko iska ta yi kaɗan. Idan haƙoranta sun cinye cikin ɗan lokaci alhali jikinta lafiya, robar ta yi masa laushi. Idan tana zamewa a kwana alhali haƙoranta na nan, robar ta yi tauri, ko ta tsufa, ko iska ta yi yawa. Idan kuwa ta ƙare a hankali ba tare da ta taɓa kayar da shi ko barinsa a hanya ba, ya sake sayen irinta.